Ciwon hanta, buhun gyaɗa, da abin da muka sauya a gidanmu

Da ƙuli-ƙuli aka raine mu. Innarmu ta haura shekara 30 tana sayen gyaɗa, ta soya, ta kai inji, ta matse mai, ta murza tunkuza ta toya. Da kuɗin man gyaɗa aka biya mana makaranta, da shi aka yi mini kayan ɗaki. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da gyaɗa ba daga bakin mai ƙyamarta zai fito ba. Har gobe ina ci, har gobe Inna tana sana'arta.

Yayanmu, babba a ɗakinmu, ciwon dajin hanta ne ajalinsa, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Bai taɓa kurɓar giya ba, ba ya shan taba. Da rama ya fara, da kasala, da wani ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa sassaƙe. Sai da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, sannan aka kai shi asibitin koyarwa, hoton ciki ya nuna ƙari ya riga ya cinye hantar. Bai daɗe ba ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tun yana kwance, likitar da ke duba shi ta kira Inna gefe ta ce: "Hajiya, duk wanda kika haifa ya zo a gwada jininsa, ke ma haka, da matarsa da 'ya'yansa." An samu ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jinin Yaya, kuma a cewarta mai yiwuwa tun yana jariri yake ɗauke da ita. Wannan ƙwaya takan bi uwa zuwa ɗa a lokacin haihuwa, takan kuma bi jini tsakanin ƙananan yara: askar wanzami ɗaya a kan yara da yawa, kaciya, tsaga, cire beli, reza ɗaya ta yankan farce. Jaririn da ya kamu, kashi 90 cikin 100 takan zauna masa har tsufa. Babban da ya kamu kuwa, ƙasa da kashi 5 ne take zaunar wa. Ba ta bin gumi, ba ta bin kwanon abinci, duk da cewa a unguwarmu an riga an fara keɓe wa matar Yaya kofinta. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 ɗauke da ita, kuma yawancinsu lafiyarsu ƙalau suke ji.

Bayan sadakar arba'in muka ɗunguma muka tafi. Gwajin farko ba wuya: a ɗan ɗebi jini, ranar a ba ka sakamako. Inna tana da ita, ina da ita, ƙanina mai bi na yana da ita. Maigidana ba shi da ita, sai aka fara masa allurar rigakafi, ta farko nan take, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6. 'Ya'yan Yaya da nawa duk sun tsira, kuma katinsu na asibiti ya nuna an yi musu rigakafin, domin tun 2004 aka saka shi cikin alluran yara a Najeriya. Abin da ya fi sakamakon kansa nauyi a ranar shi ne fuskar Inna. A cikin mota ta ce, "Ashe ni na sa muku." Da muka koma na roƙi likitar ta yi mata magana da kanta, ta kuwa yi: lokacin da ta haife mu babu wannan allura a asibitocinmu, ita ma kuma a hannun wani ta ɗauka tana yarinya ba tare da ta sani ba.

Mataki na biyu shi ne mai cin kuɗi. Akwai gwajin da ke nuna ko hanta tana cikin kumburi, akwai na ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini, wanda ya fi kowanne tsada kuma sai an jira, akwai na ƙoda, sai hoton ciki da ake zuwa ba a karya ba. Hantata ba ta yi tabo ba, alhamdu lillahi, amma ƙwayar tana da yawa, ga kuma ɗan'uwa na jini da ya rasu da dajin hanta. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024 ta saka irin wannan tarihin gida cikin dalilan fara magani. Aka ɗora ni a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Ba ya fitar da cutar daga jiki, danne ta yake yi, kuma an gargaɗe ni kada in kuskura in daina da kaina, domin tana iya tasowa da ƙarfi ta ji wa hanta rauni. Hoton ciki da gwajin jini kuwa duk wata 6.

Kafin in kai ga tambayar abinci, kunnena ya riga ya cika. Wannan ta ce in bar mai, waccan ta ce in bar nama da ƙwai, wani ya ce in dage da rake, wata ta aiko da galan na jiƙo wanda ta ce ya wanke wa mijin ƙawarta hanta tas. Na kwashe duka na zube wa likita. Ta ce in ci abincina irin na kowa, in yawaita ganye da wake da kayan lambu, in kula da ƙiba da kayan zaƙi domin kitse ma yana kwanciya a hanta ya lalata ta, in nisanci duk jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Sai ta tambayi sana'ar gidanmu. Da na ce mai da ƙuli-ƙuli, ta ce to akwai maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci a gare mu.

Akwai wata fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa, masana suna kiranta Aspergillus flavus, wadda ta fi son gyaɗa da masara. Idan ta samu zafi da ɗanshi sai ta fitar da guba mai suna aflatoksin. Gubar ba ta da launi, ba ta da wari, kuma hanta ce ke karɓarta idan an ci. A can take sauyawa ta manne wa ƙwayoyin halittar hanta ta ɓata su, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Likitar ta ja kunnena sosai: kada in je gida in ce wa Inna gyaɗarta ce ta kashe ɗanta, domin ƙwayar cutar ita kaɗai ta isa ta jawo daji. Abin da take so in fahimta shi ne, mai ɗauke da ƙwayar shi ne ya fi kowa buƙatar kiyaye gubar, don idan suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi.

Na koma gida na bi diddigin maganar. A 1960 aka gano gubar, bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil aka zuba a abincinsu. Hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta saka aflatoksin a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam daji. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani bincike da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin, inda aka bi maza sama da 18,000. Wanda aka ga alamar gubar kaɗai a fitsarinsa, haɗarin dajin hanta ya ninka masa kamar sau 3. Mai ƙwayar cutar kaɗai, kamar sau 7. Wanda ya haɗa biyun, kusan sau 60. Ni da Inna da ƙanina mun riga mun riƙe ɗaya, ba kuma yadda za mu yi mu ajiye ta. Ɗayar kuwa a cikin buhu take, a ɗakin ajiyarmu, kuma wannan da hannunmu za mu iya taɓa ta.

A intanet idan ana zancen abinci da daji, yawanci naman gwangwani da tsiran Turawa ake ambata, tun da hukumar ta Liyon ta saka sarrafaffen nama a rukuni na 1 a 2015 saboda dajin hanji. Gaskiya ne, amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke cin wannan kullum? Abin da muke ci safe da dare shi ne tuwon masara, kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli a kwaɗo da datu, yajin tsire, labun kilishi. Ina ganin nan ya kamata hankalinmu ya fi karkata.

Shawo kan Inna ya ɗauki lokaci. Hujjarta ta farko ita ce wuta: gyaɗar da aka soya a kasko, aka niƙa, aka sake toyawa a tafasasshen mai, me zai rage a cikinta? Fumfunar kam tana mutuwa, amma gubar ba ta rushewa sai zafi ya haura digiri 230, kuma suyarmu da girkinmu ba su fitar da ita, sai dai su ɗan rage. Idan an matse mai kuma, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli. Ban kawo mata labarin talo-talo ba. Na ba ta labarin Kenya: a 2004 mutum 317 suka kwanta a gabashin ƙasar, 125 suka rasu, daga masarar da suka noma da hannunsu suka adana da ɗanshi, kuma dafaffiya suka ci. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To 'yar nan, nuna mini abin da za a yi."

Daga saye muka fara. Duk mai wannan sana'a ta san gyaɗa hawa-hawa ce a kasuwa. Akwai cikakkiya mai tsada, akwai fasassa da motsattsa da wadda ƙwaro ya huda, wadda ake tsincewa daga mai kyau a sayar da arha. Masu ƙuli-ƙuli da yawa wannan ta biyun suke saye, domin idan ta shiga inji ba mai gane ta, ribar kuma a nan take. A nan ne kuma gubar ta fi taruwa. Ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, su kuma idan aka niƙa su tare sai su game tukunya duka. Wake ɗaya ke ɓata gari. Muka bar sayen ta arha gaba ɗaya. Muka kuma koma sayen gyaɗa da kwansonta idan ta samu, domin kwanso kariya ne, kuma wasu masu ɓarewa sukan yayyafa mata ruwa don ta yi laushi ta ƙara nauyi, su ɗura a buhu da ɗanshinta.

Sai tsinta, wadda ita ce aikin gaske. Muna zuba tiya ɗaya a faifai a tsakar gida da hasken rana, ba da fitila ba. Duk wadda ta motse, ta fashe, ta yi baƙi ko kore-kore, ta yi ƙura a jikinta, ko ƙwaro ya taɓa, gefe. Bayan an soya an murje jar fatar an sheƙe, sai a sake zama a karo na biyu, kuma wannan zaman ya fi na farko amfani, domin fata tana ɓoye aibu. Gyaɗar da ka rantse lafiyayya ce, idan ta tuɓe sai ka ga tabo ruwan ƙasa ko baƙi a tsakiyarta. Da farko hannuna ne kawai da na matar Yaya. Inna tana kallo, sai ga shi idonta ya fi namu kaifi nesa ba kusa ba. Shekara 30 tana ganin waɗannan ƙwayoyin, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke cikinsu. Yanzu ko yara sun san idan suka tauna gyaɗa suka ji ɗaci, tofarwa ake yi a kurkure baki, ba a haɗiyewa.

Ɗakin ajiya ma mun taɓa shi. Buhuna sun tashi daga ƙasa sun hau katako, an janye su daga jikin bango, an gyara inda rufi ke yoyo, gyaɗa ta koma buhun algarara mai shan iska. Waɗannan ƙananan abubuwa ba ni na ƙirƙiro su ba. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an gwada su a ƙauyuka 20, aka buga sakamakon a 2005: rabin ƙauyukan aka koya musu tsinta, shanya a kan tabarma har ta bushe sosai, buhu mai shan iska, katako da maganin ƙwari. Bayan wata 5 da girbi, gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Babu inji a ciki, babu wutar lantarki.

Wurin da muka fi kai ruwa rana shi ne abin da za a yi da wadda aka tsince. A kowane buhu takan taru da ɗan yawa, kuma kuɗi aka sa aka saya. Inna ta ce a ba kaji da awaki. Amma gubar tana kashe kaji, tana hana su ƙwai, kuma dabbar da ta ci tana fitar da wani kaso a cikin nononta. Wata maƙwabciyarmu, bazawara mai 'ya'ya, ta shigo ta ga kwano cike ta ce, "Inna, in dai zubarwa za ku yi, ku sayar mini ko da rabin kuɗi, in yi wa yara kunu." Wannan magana ta dame ni ƙwarai, domin ita ce ainihin yadda abin ke tafiya a ƙasar nan: mai kyau ta tafi kanti ko ta haye teku, inda Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 na gubar (wato kashi 4 cikin miliyan na giram ɗaya) a kilo ɗaya, tsintacciyar kuma ta gangaro tukunyar wanda ba shi da hali. Inna ta auna mata daga mai kyau ta ba ta kyauta, ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Tsintacciyar kuwa rami muke haƙawa a bayan gida mu binne.

Maganar kunun yara ba ƙarama ba ce. A ƙasashen Binin da Togo an auna jinin yara ƙanana, aka buga a 2002, aka samu gubar a jinin kashi 99 cikin 100, kuma waɗanda aka yaye sun fi masu shan nono yawanta, waɗanda suka fi yawanta kuma sun fi tsumburewa. Mu kuwa da kunun gyaɗa da kokon masara muke yaye. Ban hana 'ya'yana kunun gyaɗa ba, abinci ne mai gina jiki kuma ba mu da abin da zai maye gurbinsa da arha. Sai dai gyaɗar kununsu ni nake tsince ta da hannuna, kuma na daina sayen niƙaƙƙiya a leda wadda ban ga ƙwayarta ba.

Tuwo ma ya sauya. Da masara muka fi ci saboda laushinta, yanzu mun dawo da gero da dawa suna karɓa-karɓa da ita, domin galibi gubar ba ta kama su kamar yadda take kama masara. Idan masarar ce, sai an tsince, an surfa, an wanke, an kwashe duk wadda ta taso saman ruwa, domin wani kaso na gubar yana tafiya da dusa. A yankin Cidon na ƙasar Sin, inda dajin hanta ya yi ƙaurin suna, mutane sun koma cin shinkafa maimakon masara daga shekarun 1980, gubar da ke jininsu ta faɗi warwas, mace-macen dajin hanta kuma suka ragu a tsakanin waɗanda ba a taɓa yi wa rigakafin ƙwayar cutar ba. Kafin mu ɗura masara a buhu mai leda biyu a ciki, muna gwada bushewarta da kwalba da gishiri: a zuba busasshen gishiri da ƙwayar masara a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ɗanshi, a mayar da ita rana.

Duk wannan ya taɓa ciniki. Ƙuli-ƙulin Inna ya ƙara kuɗi, wasu masu sari suka koma inda ya fi arha, ba kuma zan ga laifinsu ba a wannan tsadar rayuwa. Wani mahauci da ke sayen na yajin tsire ya tsaya, ya ce nata ba ya ɗaci kuma yana daɗewa bai sauya ba. Ribar ta ragu, Inna ta san ta ragu, ba ta koma ba.

Abu na ƙarshe da muka kai gare shi shi ne gona, domin tun a can fumfunar ke shiga, musamman idan ruwan sama ya ɗauke a lokacin da gyaɗa take ƙosawa, ko gara ta huda kwanso, ko aka bar ta a ƙasa bayan ta nuna. Kawunmu a ƙauye yana noma gyaɗa da masara. Na je na same shi da bayanin Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce da aka shafa wa 'yan'uwan wannan fumfuna waɗanda ba su fitar da guba, aka rina ta shuɗi. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, sati 2 zuwa 3 kafin fure, sai marasa gubar su riga mai gubar kama wuri, kuma yakan rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Kawu ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Ke yanzu fumfuna za ki sa in shuka a gonata?" Sai da malamin gona ya zo ya yi masa bayani sannan ya yarda a gwada a gefe ɗaya.

Bana mun yi da shi cewa Inna za ta ba da kuɗi tun kafin kaka, shi kuma zai cire gyaɗar da zarar ta nuna, ya kife ta kwanso na kallon sama, ya shanya a kan tamfol maimakon tsurar ƙasa, ya kawo mana ita da kwansonta. Mata biyu masu sana'a irin ta Inna sun shigo cikin tsarin, da su aka haɗa kuɗin tamfol. Gyaɗar roro, wadda yara ke tonowa bayan an gama cira, mun gaya masa ba ma so ko da kyauta ce.